Ƙwayar Wake a Kunnen Husna

Zuwa ga ƙanena Jamilu, a Dakar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da karatunka. Allah ya ƙara basira, ya tsare mana kai a ƙasar mutane. Mu nan Badagishiri mun gode Allah, damina ta yi kyau, wake ya yi albarka. Baba yana nan da sauƙi, sai dai rawar hannun nan tasa ta ƙaru, ko kofin shayi sai an riƙe masa.

To, waken nan ne ya jawo mana abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ka yi haƙuri, raina a ɓace yake. Ranar da muke sussuka, ɗiyata Husna ta tura ƙwaya ɗaya cikin kunnenta na hagu. Kafin in dawo daga garka, Goggo ta ɗura mata ruwan ɗumi, wai ya taso da ita. Kai ka san wake da ruwa. Ya kumbura ya toshe kunnen, yarinya tana ta ihu.

Na goya ta zuwa wurin sabon lokotoron, wato likitan da aka kawo mana. Yaro ne mai ladabi, ban ɗauke masa wannan ba. Ya haska fitila, ya ce ga waken nan yana gani, amma wai cirewa aikin lokotoron kunne ne, shi ba a ba shi kayan ba, kuma in ya taɓa wani abu ya lalace shi za a tuhuma. Wai mu tafi asibitin Tawa. Wake fa, Jamilu! Yana ganinsa da idonsa!

Ka manta ɗakin Baba lokacin yana aiki? Nan ake cire haƙori, nan ake ɗinke saran gatari, nan ake yi wa yara kaciya, in haihuwa ta gardama ya hau ɗan babur ɗinsa mobilet ya tafi. Wake da tsakuwar da ya zaro daga kunnuwan yaran garin nan sun isa shuka gona. Yanzu kowane lokotoro ya yanki gaɓa ɗaya ya riƙe, kamar rabon naman watanda, mu na ƙauye an bar mu da takardar tura mu birni.

Da muka dawo gida neman mota, Baba ya sa aka ɗauko masa tsohon akwatinsa na kayan aiki. Ya fiddo hantsakin nan, ya ce in riƙe kan yarinyar. Ya kai hannu, hannun yana ta kaɗawa. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya mai da hantsakin, ya juya fuska bango. Wallahi ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

A Tawa aka ce mai kunnen ya tafi taro Yamai, mu jira. Kafin ya dawo kunne ya yi ruwa, yana wari. Ya cire waken, amma ya ce dodon kunnen ya riga ya fashe.

Sai ga saƙonka, wai in ka gama za ka ƙara shekaru ka zama lokotoron zuciya zalla, ka zauna birni. Haba ɗan Baba! Barewa ta yi gudu, ɗanta ya zaɓi gaɓa ɗaya? Ban hana ka ilimi ba, amma wa zai koyi ƙananan ayyukan nan da ke kashe mu? Baba ya ce in aiko maka da akwatin, na ce ba zan aika ba. Yana nan ƙarƙashin gadonsa, mai so ya zo ya ɗauka.

Ka gaida Wasila da yara. Umma, Liman da Goggo suna gaishe ka. Goggo har yau ba ta iya haɗa ido da ni, ka yi mata waya ka kwantar mata da hankali. Husna tana tambayar yaushe Kawu zai zo. In Allah ya kawo ka, ka gaishe ta ta kunnen dama, na hagun ba ya ji.

Yayarka,
Rahama Na'Allah