Amsar da Ban Ba Ki a Kan Gadar Elvet Ba

Durham, Agusta 1996

Zuwa ga Amparo, hasken idona, sanyin zuciyata, ranar da ta fito mini a garin da rana ke yi wa rowa,

Wasiƙarki ta iso daga Sifaniya ranar Talata, kuma tun daga ranar ban san ɗanɗanon abinci ba. Shafi huɗu, masoyiyata, da rubutun nan naki mai kwanciya gefe kamar ciyawar da iska ta bi ta kai. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na karanta a tasha kafin in tayar da bas, na yi ta maimaitawa har Mama ta ce in ajiye takardar nan kafin in cinye ta. Kaina nake nema a ciki, kuma da ƙyar na same ni.

Babbar majami'armu kin ba ta shafi guda cur: ginshiƙanta, sanyin dutsenta, yadda kogi ya naɗe tudun da take kai. Shekara goma sha ɗaya ina sauke fasinja a gindinta, ban taɓa ɗaga kai na ga abin da kika gani ba. Kin yi mana dariya, kuma da gaskiyarki, mutanen da za ka taka musu ƙafa su ba ka haƙuri, masu tuɓe riga da zarar rana ta leƙo, masu shan askirim cikin yayyafi. Kin yabi burodin Mama da kwaɓin wakenta. Karen maƙwabcinmu ma ya samu layi uku. Sauran duk bikin mahaƙa kwal ya kwashe: 'yan badujala tun da sassafe, tutocin ƙauyuka suna bin juna, tsofaffin mata suna sharar hawaye a kan ramukan da aka rufe da daɗewa. Kika ce ba ki taɓa ganin mutane masu riƙo irinmu ba, har kin rasa ko ki yi sha'awarmu ko ki ji tsoronmu.

Ni kuwa layi ɗaya na samu, can ƙasa: "Kai ma ka riƙe tutar da kyau."

Wayyo Amparo! Yabo ne wannan ko hukunci? Ashe na koma cikin abubuwan kallo, tsakanin majami'a da soyayyen kifi? Ashe kwana taran da kika yi a nan ɗan rakiya kawai nake? Ni dai ban manta da safiyar da kika hau motata da taswira a juye ba, kina gardama cewa garin ne aka gina a karkace. Ban manta da ranar da muka hau kwalekwale ba, ina tuƙi muna ta zagaye wuri ɗaya, kina dariya har agwagi suka watse, sannan kika jingina kanki a kafaɗata. Shekarata talatin da takwas, kuma a ranar na san cewa ashe da can ba rayuwa nake yi ba, jiran ki nake yi.

Na san laifina, kuma ba zan ɓoye shi a bayan daɗin baki ba. Bari in gaya miki yadda abin ya kasance daga inda nake tsaye. Tutar ƙauyenmu ta kai faɗin ɗaki, sanda biyu gare ta da igiya huɗu. Ni ke riƙe da sandar hagu. Ta dama tana hannun Kawu Wilf, yayan Mama, mai shekara saba'in da huɗu, wanda ya yi shekara talatin a ƙarƙashin ƙasa kuma ya rantse sai daga hannun gawarsa za a karɓi sandar nan. Da yamma muna komawa, muka hau gadar Elvet, inda iska ke tasowa daga kogi ta cika tutar ta nemi ta ɗauke mutum. A daidai nan kika kutso cikin jama'a da jakarki a baya, za ki hau jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu, kina tafiya kafaɗa da kafaɗa da ni. Kika ce, "Zan tafi, Dennis. In dawo?"

Iska ta buga, sanda ta karkata, na hango ƙafar Kawu tana zamewa. Abin da ya fito daga bakina, ga macen da nake so fiye da numfashina, shi ne, "Matsa, igiya za ta kama ki."

Kika matsa. Kafin mu sauka daga gadar babu ke babu alamarki. Da muka naɗe tuta na ruga tasha kamar mahaukaci, na tarar jirgi ya yi minti goma sha ɗaya da tashi. Adireshinki ma ban karɓa ba, don na ɗauka akwai sauran lokaci. Mako uku ina tsayawa a fitilar hanya har na baya su yi mini ham.

Gida kuwa an samu abin yi. Mama ta ce mazan gidanmu duk haka suke, bakinsu ba ya buɗewa sai a gaban kofin shayi, kuma ubana ma sai da ita ta tare shi ta tambaye shi ko aure zai yi ko tsayuwa. Da na nuna mata cewa kin rubuta adireshinki a bayan ambulan, na ce ai wannan alama ce, sai ta ce wataƙila a ƙasarku kowa haka yake yi. Kin ga irin taimakon da nake samu. Kawu Wilf ya ce, "Da ka saki kawai, sakarai. Na sha faɗuwa a duniya." Ƙarya yake yi don ya sanyaya mini rai. Ranar da muka dawo ko cokali bai iya ɗagawa ba saboda jigata.

Ga abin da ke hana ni sukuni, ya farin cikina. Na so in rubuta miki cewa da za a maimaita ranar, da na yar da sanda na rungume ki a gaban duk garin. Na rubuta, na yage. Ba zan fara da ke da ƙarya ba. Da za a maimaita, ba zan saki ba, don in na saki tsohon nan zai faɗi a kan dutse, tutar da ke ɗauke da sunan kakana ta sha ƙasa. Amma da bakina ya yi aikinsa. Ina tsoron wannan gaskiyar ita za ta ƙarasa raba mu, don ke ce kika ce ba ki sani ba ko ki so masu riƙo ko ki guje su. Hannuwa biyu gare ni, Amparo, kuma ba su iya saki ba. Abin da ya raba mu ke nan a kan gada, kuma shi kaɗai nake da shi da zan ba ki.

Tambayarki ta yi mako huɗu tana jiran amsa, ga ta: ki dawo. Ki dawo cikin sanyi, lokacin da babu biki babu badujala, babu abin kallo sai ni. In kuma kin gama da garinmu, ki ce in zo, ni da ban taɓa tsallaka teku ba, in yi yawo da taswira a juye har in same ki. In ma a'a ce, ki rubuto ta a fili, kada ki sake yabon yadda nake riƙe tuta.

Naki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba, har ƙarshen numfashina,

Dennis Heslop