Bangon da Sadiyatu Ta Zana

Laraba, 6 ga Afrilu, 1960

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ƙanena Siddiƙu ya durƙusa gabana ya ce, "Yaya, gyara kaɗai za mu yi wa zauren Baba." Na ba shi izini. Na tafi rangadi da littattafan ofis, mako uku, na dawo na tarar da kanti mai rufin kwano a inda mahaifinmu ke karantar da mutane. Yana nan har yau yana sayar da gishiri da ashana. Ni kuwa ta ƙofar gefe nake shiga gidan ubana.

Abin da ya tuna mini shi ne yau ɗana Jibrin ya faɗi kalmar nan. Gyara. Wai 'yancin kai na tafe a Oktoba, kowa na shafe gidansa, shi da matarsa Kulu suna so su ƙawata namu. Sannan wai kafin damina a sa magini ya hau rufin ɗakin uwarsa. Na ce ɗakin Sadiyatu bai kawo ƙarar kowa ba. Ya ce, "Baba, shekara huɗu ba a yi mai yaɓe ba."

Na san huɗu ne. Ni na sa masa kwaɗo ranar sadakar arba'in ɗinta.

Juma'a, 8 ga Afrilu

Na shiga ɗakin bayan an sauko daga masallaci, kamar kullum, na turo ƙofa.

Bangon gabas yana nan lafiya. Shekarar da aka haifi Jibrin ta yi shi. Magini na yaɓe, ita tana bin sa a baya tun ƙasar na da ɗanye, tana ja da yatsa: kewaye cikin kewaye, sai reshe, sai wani abu da ta ce ganyen lalle ne, ni ban taɓa ganin ganyen lalle a ciki ba. Tsakiyar kowane kewaye ta danna ƙaramar tasa, ashirin da uku, na uwarta da na kakarta. Ta bi da farar ƙasa da jar ƙasa. A ƙasa can wajen kusurwa akwai inda ta dafa za ta tashi, tafin hannunta ya fito. Na ce a shafe. Ta ce a bari, ai ita ta yi aikin.

Akwai tsaga a sama, kusa da azara ta uku. Ba wani abu ba ne.

Asabar, 16 ga Afrilu

Kulu ta fara da sashensu. Ta rina kaba ja da kore ta saƙa faya-fayai ta jera a bango. Ta yanka tsoffin jaridun Jibrin baki-baki ta shimfiɗa a kan kantar jera kaya kafin ta ɗora langunanta. Kwalabe ta samo ta kifa su a ƙasa kewaye da bishiyar lalle. Matan unguwa sai shigowa suke suna tafa hannu.

Ba zan ce babu kyau ba. Amma na lura kowace rana adon na matsowa. Jiya yana bakin rijiya. Yau yana bakin madafa. Taku bakwai ya rage zuwa ƙofar Sadiyatu.

Litinin, 25 ga Afrilu

Kulu ta zo da kanta. Ta durƙusa nesa, kai a ƙasa, murya kamar ta mai jinya. "Baba, da za a ba ni makulli in share ɗakin Inna. In kira mata mu yi mai sabon daɓe." Na ce ina da tsintsiya.

Ba ta taɓa ganin Sadiyatu ba. Bayan rasuwa aka kawo ta. Mene ne nata na cewa Inna?

Alhamis, 5 ga Mayu

Jibrin ya kawo magini ba tare da ya tambaye ni ba. Arzika, mutumin Dundaye, ɗan wanda ya gina ɗakin. Baƙi, gajere, bakinsa ba ya rufuwa. Ya zagaya ta waje yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar gatari yana kasa kunne kamar likita. Ya hau tsani ya leƙa, ya sauko.

"Malam, laso, shafen saman rufin, ya tsattsage, bakin indararo ya cinye. Wagga damina in ta yi nauyi, sai dai Allah."

Na ce wanne ne ba sai dai Allah ba?

Ya yi dariya. "Kwana biyu ka ba ni. Daga sama zan yi, ko ƙofa ba ni taɓawa. Babana shi ya ɗora azaran ga, kunya nike ji su faɗi ina da rai."

Magana mai daɗi. Siddiƙu ma maganarsa da daɗi. Na ce zan yi shawara. Da ya fita na bi shi da ido ta ƙofar gefe: kai tsaye kantin Siddiƙu ya nufa. Suka gaisa hannu biyu, aka ba shi goro, ya zauna a benci ya daɗe. Har ya nuna wajen gidan nan da haɓa.

To. Bayan ɗakin Sadiyatu da bayan kantin katanga ɗaya ce ta raba su. Wanda ke son wurin ajiye buhuna ba sai ya yi nisa ba. A hau rufi, a ce azara ta ruɓe, a ce sai an sauke, a ce tunda an sauke bari a sa kwano. Na taɓa ganin wannan hanyar har ƙarshenta.

Juma'a, 6 ga Mayu

Na gaya wa Jibrin babu mai hawa. Ya juya ya fita.

Asabar, 14 ga Mayu

Na sami Kulu a bayan ɗakin, a kan turmi, fuska manne da 'yar taga, da guntun gawayi da takarda a hannu. Ta ganni ta faɗo har ta gurje gwiwa. Tasoshin take ƙirgawa, me kuma?

Laraba, 18 ga Mayu

Ba ƙirga take ba. Yau an shanya rigunan matashin kai a igiya, na ga kewayen Sadiyatu a jikinsu da zare shuɗi, har da reshen. Jibrin ya ce, "Baba ka gani? Don kada zanen Inna ya tsaya a ɗaki rufe." Yana murna.

Wato wanda aka hana shiga ta ƙofa ya ɗauka ta taga. Yanzu zanen da matata ta yi da yatsanta, kan wani zai kwanta a kai yana zufa. Gobe maƙwabciya ta ara ta kwaikwaya, jibi a gan shi a kasuwa.

Ban ci abincin rana ba. Ta aiko da fura, na mayar.

Litinin, 23 ga Mayu

Na yi abin da ya kamata tun farko.

Shekara ashirin da biyu na yi akawu. Na karanta lissafi da awo tun Arzika yana bin jakin ubansa, kuma a gabana aka gina ofisoshi uku. Don an ɗora mini yaron da na koya wa riƙon alƙalami, aka sallame ni da takardar yabo, ba shi ke nan kaina ya zama fanko ba. Na sayo siminti a Sabon Gari, na sa aka kawo cikin buhun gero don kada kanti ya gani. Yau Jibrin na wurin aiki, Kulu ta tafi suna. Na kwaɓa a daro, na jingina tsani, na hau. A hankali, amma na hau.

Na cike tsagogin. Bakin indararo da ya cinye na gina masa baki sabo, mai kauri, na goge shi sumul. Da azahar ya bushe kamar dutse. Wannan ba laso ba ne da za a yi ta bin sa kowace shekara.

Bayana na ciwo. Rabon da in ji daɗi haka na manta.

Alhamis, 9 ga Yuni

Layya ta wuce. Siddiƙu ya aiko da cinya. Tun yaushe?

Talata, 14 ga Yuni

Arzika ya wuce ta lungu da jakinsa, ya ɗaga kai, ya tsaya cak. Ina zaune a tabarma.

"Subhanalillahi. Malam, wa ya yi maka wanga aiki?"

Na ce wanda ya san aiki.

"Wallahi ko waye, maƙiyinka ne." Sai ya dubi hannuwana, inda simintin ya ci mini fata, ya sassauta murya. "Malam, siminti ba shi kama ƙasa. Ruwa zai shiga ta ƙarƙashi ya kwanta, rana ba ta kai gare shi. Kuma dubi bakin indararon, ya fi rufin tudu. Ta ina ruwan zai fita? Bari in hau in fasa shi, yanzu-yanzu, ba ni son ko goro."

Na ce ya gaishe da Siddiƙu.

Ya tsaya yana kallona kamar bai gane ba. Ya iya nuna bai san komai ba.

Talata, 12 ga Yuli

Ruwa uku masu ƙarfi, ko ɗigo babu a ciki. Na so Arzika ya zo ya gani.

Indararon dai ba ya zuba sosai. Na sauran ɗakuna na ambaliya, shi yana tsiyaya. Wataƙila iska ce ke kaɗa ruwan ta wancan gefen.

Juma'a, 29 ga Yuli

Akwai damshi a saman bangon gabas, faɗin faifai. Farar ƙasar ta yi duhu. Ɗakin na warin rijiya.

Kulu na shafa wa katangar tsakar gida farar ƙasa, za ta ja kore a gindi saboda tuta. Ta tsaya daidai inda bangon Sadiyatu ya fara, ta bar shi yadda yake. Ban san ko ladabi ba ne ko nuni.

Juma'a, 12 ga Agusta

Tasa ɗaya ta faɗo da kanta. Na mayar, ta ƙi zama. Ƙasar ta yi laushi kamar tuwo.

Na yi niyyar in gaya wa Jibrin. Na same shi a bakin kanti yana dariya da baffansa. Na wuce.

Laraba, 17 ga Agusta

Kwana biyu ruwa bai ɗauke ba. Jibrin ya shigo jiƙe ya ce ya leƙa daga kan katanga, rufin ya zama tafki. "Baba, don girman Allah. Ko tasoshin mu fitar." Na ce in an ɗauke ruwa. Na ce gobe.

Alhamis, 18 ga Agusta

Bayan la'asar. Ba ƙara mai yawa, kamar an sauke buhu daga kan raƙumi.

Asabar, 20 ga Agusta

Ba wanda ya ji ciwo. Kowa abin da yake faɗa ke nan, kuma gaskiya ne.

Rufin ya zauna a ciki, ya tafi da bangon gabas. Simintina na nan a kan tarin, guda ɗaya, ko tsagewa bai yi ba. Arzika ya zo da mutum biyu da sassafe, ba wanda ya kira shi. Ya ɗaga simintin ya jingina a gefe, fuskar na kallon katanga. Na jira ya yi magana. Sai ya ce, "Sannu, Malam," ya ci gaba da kwasa.

Kulu ta shiga laka har gwiwa tana tono da hannu, ba ta yarda a sa fartanya ba. Da magariba ta kawo mini tasoshin a daro, a wanke, ta ajiye a bakin ƙofa ta ja baya. Sha shida masu rai, shida a lanƙwashe, da wadda ta faɗo tun farko, tana aljihuna. Na ƙirga sau biyu a gabanta. Ta gani. Ba ta ɗago ba.

Siddiƙu ya zo jaje. Ya tsaya a tsaye yana kallon filin, ni ina kallon idonsa in ga ko yana awo. Hawaye na gani. Ya ce Sadiyatu ce ke ɓoye masa ƙanzo yana yaro. Na manta da wannan.

Litinin, 3 ga Oktoba

An yi 'yancin. Tun Asabar gari ke kiɗa, yaran makaranta na yawo da 'yan tutoci. Ban fita ba. Gidan ya yi fari, mutane na shigowa kallo, suna kaiwa kusurwar nan su yi shiru.

Wata ɗaya da rabi, ba wanda ya ce uffan a kan filin. Ba buhu, ba kwano. Kabewa ce ta tsiro a wurin.

Arzika na kan rufin ɗakina tun safe. Ni na aika, don tsagar da na gani ce kawai, ba don wani abu ba. Na bar shi a sama na tafi masallaci, na daɗe. Daron na tura sashen su Jibrin, ɗakina ba wuri. Kulu ta aiko tambaya ko a jera ko a adana. Na ce ta yi yadda ta gani.

Na tambayi Arzika, da ya sauko shan ruwa, ko da aka kwashe an ga wani guntu daga can ƙasa wajen kusurwa, mai alamar hannu. Ya ce sun duba, shi da yarinyar, tun ranar. Ya ce ƙasa ce, Malam, ta sha ruwa kwana uku.

Bangon ya yi shekara talatin da ɗaya. Ba abin da ya saura.