Wasiƙu Uku da Sunan Inna

Litinin, 9 ga Satumba
Na je ƙaramin asibitin unguwa, don Chayo ta hana ni sakat. Ƙanwata ce, amma sai ka ce ita ta haife ni. Wata biyu ke nan ina jin ɗan ƙullutu a nonon hagu, bai fi ƙwayar wake ba. Sun ɗauki hoto, sun ɗebi wani abu da allura. Babu tafinta, wai sai ranar Alhamis take zuwa. Abin da na iya tsinta a Turancin ma'aikaciyar jinyar: idan ba ki ji daga gare mu ba, lafiya lau ne.

Lahadi, 22 ga Satumba
Shiru. Na kunna kyandir a coci, na dawo na dafa tamal, alalen masara irin na ƙasarmu, har da na maƙwabta. Chayo tana ci tana mita: "Yaya, shirun nan bai kwanta mini ba." Na ce ke dai ba kya son ganin mutum ya huta.

Alhamis, 26 ga Satumba
Tuffa ta yi albarka bana a nan Yakima, inda muke ci-rani. Tsayuwar awa goma muna tantancewa, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na yi alkawarin daina taɓa ƙullutun. Na taɓa.

Talata, 1 ga Oktoba
Chayo ta kira asibitin da ɗan guntun Turancinta. Suka duba Herminia Barragán, suka ce babu wani sabon abu. Na yi mata gwalo kamar muna yara.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Maganin hawan jini kawai na je karɓa. Na tarar da tafintar, Doña Ofelia, dattijuwa 'yar jihar Jalisco ta can ƙasarmu, mai tabarau a kan hanci. Ta ce, "Sunanki duka, 'yar'uwa, yadda ake faɗa a gida." Na ce Herminia Barragán Ocampo. Ta daɗe tana kallon kwamfuta. Sai ta cire tabaraun.

Ashe ni mutum biyu ce a wurinsu. Mu sunan uba muke sawa sannan na uwa, su kuwa na ƙarshe suke ɗauka. Ranar gwajin, sabuwar ma'aikaciya ta kwafa daga katina, ta buɗe wa wata Herminia Ocampo sabon fayil, ko lambar waya babu. Wasiƙa uku suka aika mata. Akwatin wasiƙuna Barragán aka rubuta a jiki, duk aka mayar.

Sankarar mama ce. Likita ya ce ba ta yi nisa ba, amma wata gudan nan da ya wuce ya so a ce yana hannunsa. Ban yi kuka ba. Sunan kawai nake kallo a kan ambulan. Ocampo. Ita ma Inna abin da ya kashe ta ke nan a ƙauyenmu na jihar Michoacán, ta ɓoye shi ƙarƙashin mayafi shekara biyu, ko ƙofar likita ba ta taka ba. Har yau ina jin haushinta a kan haka. Kuma ga ni da tamal da kyandir.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Na ji tsoro yau. Chayo ba ta ce "ai na faɗa miki" ba. Da ta faɗa, da na fi samun sauƙi.

Asabar, 19 ga Oktoba
An sa ranar tiyata, 28 ga wata.

Ba wai na fara son asibiti ba ne. Shekaranjiya dai na ja Chayo aka duba ta, tana ta "Haba Yaya, ni lafiyata ƙalau." Na tsaya a kan mai rubutun har ta sa sunayen biyu da ɗan layi a tsakani, ta juyo da kwamfutar na gani da idona. A wurin aiki ma na ɗan yi wa mata maganar, ba da yawa ba. Huɗu sun ce za su je su tambaya.

Ɗazu na sami ragowar farin fenti na fita wurin akwatin wasiƙu, na ƙara Ocampo a bayan Barragán. Wuri ya yi kaɗan, harafin ƙarshe ya karkace. Shekara goma sha tara rabon da in rubuta sunan Inna da hannuna.