Inna ta ga gungunmu a majigi

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aiki, yaya maigidanki da yara? Mu nan da sauƙi, ban da Inna.

Ran Laraba bayan magariba masu majigi suka zo sabon gari, suka sa wasan nan da kika yi kafin ruwan dam ɗin Kainji ya cinye gungunmu na tsakiyar kogi, wanda kike dariya kina cewa kowa ya tashi, gidan siminti ya fi. Mutane suka yi ta tsaki, wani ya ɗebi ƙasa ya watsa wa farin ƙyallen da ake haska hoton a kai. Ni na sunkuyar da kai.

Inna kuwa ba ke take kallo ba. A bayanki ga lambun albasarmu, ga tsamiyar da aka binne Baba ƙarƙashinta. Ta tashi ta dafa ƙyallen tana cewa, "Ɗan nan, tsaida shi in yi wa malam addu'a." Mai injin ya ce in ya tsaida zai ƙone. Hoton ya wuce.

Tun ranar ko kunu ba ta sha. Kullum sai ta ce, "Hajara ta san inda aka aje garin, ta taho min da shi."

An ce a talbijin ɗin Kaduna kina fitowa 'yar wata tsohuwa, kina dama mata fura. Ki zo ki dama wa taki, ko za ta karɓa daga hannunki. Garin nan ba mai yi miki maraba, kuma ban ga alamar za ta kai damina ba.

Ki sa mu a addu'a. Gai da Kawu.

Ƙaninki,
Ɗanjuma