Gwandar Dajin Inna

Goron Dutse,
Birnin Kano.

Zuwa ga ƙawata Lami,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya sanyin Jos? Mu nan bazara ta sa mu a gaba, sai hamdala. Na rubuto ne na ba direban Alhaji Ilu ya kawo miki, don abin da ke cikina ba na waya ba ne. In na fara a waya, ko kuka ya hana ni ƙarasawa, ko zagi.

Lami, an sare gwandar dajin Inna. Ita dai da kika sani, ta tsakar gida kusa da randa, wadda muke tsinke 'ya'yanta tun suna kore, Inna ta biyo mu da muciya. Kin san da ƙwallayenta ta zo a ƙulle a bakin zani daga ƙauyensu na ƙasar Rano, ta shuka, matan unguwa suna mata dariya wai itacen daji ba ya zaman birni. Ya zauna, ya girme mu duka.

Wanda ya sare ba baƙo ba ne. Ƙanina ne Mikail, autan Inna, namijinta tilo, ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Mutumin da gidansa na Hotoro ko tafin hannu na ƙasa bai bari ba, ya shafe ko'ina da siminti, shi ne ya wayi gari manomi. Ya ga wasu a waya suna ɗibar gwanda da kwanduna, shi ke nan ya cika bayan mota da dashe a baƙaƙen ledoji ya kawo mana. Wai irin waje ce, gajeriya, mai jan ciki, tana 'ya'ya kafin shekara ta zagayo. Wai gwanda ba ta son inuwa, kuma wannan tsohon itacen 'ya'yansa duk ƙwallo ne, babu abin ci.

Na zaunar da shi na tuna masa halin da Inna ke ciki. Tun bara ƙwaƙwalwarta ke zamewa. Ta manta sunayen jikokinta, takan ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Amma kullum da safe in ta fito daga ɗaki sai ta dafa itacen nan, ta tsinki ganye ta murza ta shinshina. Daga nan take gane ga madafi, ga bayan gida, ga hanyar zaure, ga ni. Shi kaɗai ya rage mata da ke gaya mata tana gidanta. Kin san amsar da ya ba ni? Dariya ya yi, ya ce camfi ne irin na mata, likita bai rubuta bishiya a cikin magani ba. Ya ƙara da tuna mini cewa rabonsa a gidan ya fi nawa, ni zaman jinya ne ya dawo da ni bayan rasuwar mijina. Kin ji ɗan da na goya!

Da hannunsa ya sare, cikin farin yadi da hula, matarsa Shamsiyya na riƙe da waya tana ɗaukarsa don a nuna wa duniya matashin manomi. Ko riƙon gatari bai iya ba. Ya yi sara ya huta, ya duba tafin hannunsa, ya gyara hula. Inna na kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta zuba masa ido tun saran farko har itacen ya kwanta. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina Mikail a ranar nan ba, kuma ban nemi gafarar Allah a kan haka ba tukuna.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara. Ki sa Inna a addu'a.

Taki har kullum,
Hasana.

Goron Dutse,
Birnin Kano.

Ƙawata Lami,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Saƙonki ya iso, da man zafin da kika aiko wa Inna. Allah ya bar zumunci. Damina ta sauka a nan, mun gode Allah. Kin ce in yi haƙuri, ɗan'uwa ɗan'uwa ne. To saurara ki ji abin da haƙurin ya haifa.

Tun da aka sare itacen, Inna kan fito da safe ta miƙa hannu inda yake, ta kamo iska. Sai ta tsaya tana kallon layukan gwandar Mikail da faffaɗan ganyensu, ta ce lambun wane ne aka kawo ta. Ni kuma ta koma yi mini godiya irin ta baƙo, wai Allah ya saka mini da alheri da na sauke ta. Ta ƙulle 'yan zannuwanta a ɗankwali, ƙunshin ba ya barin cinyarta, kullum wai za ta tafi gida kafin Malam ya dawo daga kasuwa. Malam ɗin, mahaifinmu, da ya daɗe a kabari. Sunana ma ya ɓace daga bakinta, Lami, sai dai ta ce mini baiwar Allah.

Ranar Talatar da ta wuce na shiga wanka, na fito babu ita. Na fita ko mayafin kirki babu, na bi lungu-lungu ina tambaya kamar zararriya. Sai bayan la'asar Ummi mai robobi, wadda kika sani tun muna makarantar allo, ta kawo ta a a-daidaita-sahu. A Ƙofar Wambai ta gan ta cikin turmutsutsun masu dako, babu takalmi, ƙafarta na jini, rungume da ƙunshinta, tana tare mutane tana tambayarsu ina gidan mai gwandar daji.

Na kira Mikail ina kuka. Bai zo ba sai washegari, kuma da ya shigo, wallahi gwandarsa ya fara zagayawa yana ɗaga ganye yana leƙawa, kafin ya leƙa uwarsa. Maganin da ya kawo kwaɗo ne, a riƙa kulle zaure. Matar da ta shekara hamsin da ɗoriya ƙofarta a buɗe, maƙwabta na shigowa ɗibar ganye da saiwa don magani, yau ita ake kullewa kamar akuya, don ɗanta ya ci gwanda mai jan ciki.

Bai tsaya nan ba. Ya sa an toshe rariyar tsakar gida da siminti, wai kada ruwan sama ya tafi a banza, shukarsa ta sha ta ƙoshi. Na ce masa kowa ya san gwanda a gefen rariya take fitowa, inda ruwa ke wucewa, ba inda yake kwana ba. Ya ce ni da wayar wa ya fi sani. Na ƙyale shi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Abin da ke cin raina shi ne kada Inna ta cika tana ganin a gidan wasu take. Wannan kaɗai nake roƙon Allah ya kiyaye. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙawarki,
Hasana.

Goron Dutse,
Birnin Kano.

Lami 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki baki ɗaya. Yaya jikin maigidan? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe mini jinkirin amsa, ga kaka har ta shigo. Labari ya taru.

Ruwan Agusta ya mai da tsakar gidanmu kududdufi. Na fasa simintin rariyar da taɓarya don kada ruwa ya ci ɗakin Inna, amma gwandar ta riga ta sha abin da ya ishe ta. Ganyen ya yi rawaya, gindin ya ruɓe yana wari, suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. In kika duba karan, cikinsa fanko ne, tsayi kawai. Biyu ne suka tsira a jikin katanga inda ƙasa ta ɗan yi tudu, suka yi fure reto-reto a dogayen sanduna. Mikail ya zo da Shamsiyya da waya za a ɗauki hoto, sai wani maƙwabci ya gaya masa maza ne, fure kawai suke yi ba sa 'ya'ya. Na ce a raina, ai shuka ta yi kama da mai ita. Wani kuma ya ce masa in ya kafa musu ƙusa a gindi za su koma mata. Lami, da idona na ga mai kiran maganata camfi a tsugune da guduma yana buga wa gwanda ƙusa.

Ga kuma abin da ban gaya masa ba. Bayan ruwa ya janye, na ga wani ɗan tsiro ya ɓullo kusa da randa, nesa kaɗan da kututturen. Ashe saiwar ba ta mutu ba. Na kife masa tsohon kwando mai ɓulallen gindi, ina lallaɓa shi a ɓoye kamar jaririn wata bakwai. Da ganyen ya yi ƙwari, na tsinki ɗaya na murza na kai hancin Inna. Ta yi ta shinshinawa har na fid da rai. Can sai hawaye suka zubo mata, ta dube ni ta kira sunana, Hasana, ta hau ni da faɗa wai don me na bar randa a buɗe. Da yamma da kanta ta kwance ƙunshin ta mai da zannuwanta cikin adaka. Yanzu kullum da safe gaban kwandon take zama, ta daina zancen tafiya gida.

Ranar Juma'a Mikail ya shigo bayan masallaci, ya durƙusa zai gaishe ta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja mayafinta, ta matsa ta tare kwandon da jikinta. Ta ce mini ga mai saran itacen nan ya dawo, in ba shi ruwa in sallame shi, babu sauran abin sara a gidan nan. Ta kuma ce in Mikail ɗinta ya zo, in gaya masa abin da mutumin nan ya yi mata, don ɗanta ba zai yarda ba. Ya yi ta faɗa mata shi ne Mikail ɗin, ya cire hula, ya kama hannunta, ta fizge. Ya sake zuwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har da tsarabar goro. Kowa na gidan nan ya dawo mata, har Ummi mai robobi ta gane. Shi kam mai gatari ne, kuma kullum in ya fita sai ta tambaye ni me ya hana autanta zuwa.

Jiya na same shi a zaure ya haɗa kai da bango yana kuka. Na tsaya na laluba zuciyata ko zan sami tausayinsa, ban samu ba, sai na Inna da ke jiran ɗanta. Amma tunda ta ce a ba shi ruwa, na ɗebo na ba shi, a kofin da muke ba baƙi.

Ki gaida maigidan da yara. In Allah ya kai mu tsiron nan ya yi 'ya'ya, na farko naki ne, kuma wannan karon sai ya nuna.

Taki a kullum,
Hasana.