Jinin Jatau

Asabar, 18 Mayu

Nahuce, gida. Jatau, san huɗar Baba, ya rame har haƙarƙari na ƙirguwa. Shi kaɗai ya rage tun da ɓarayi suka kore ɗan'uwansa bara. Na ɗaga leɓensa, dasashi fari fat. Da na fito da allura Baba ya ce, "Muzdalifa, wanda bai da jini za ki ƙara zuƙe mai?" Na dai ɗiba.

Litinin, 20 Mayu

Gusau, wurin aikina, ɗakin gwajin jini. Na sa jinin a siririyar kwalba, inji ya juya shi ya rabu: ja a ƙasa, ɗan farin zare a tsakiya, ruwa-ruwa a sama. A lafiyayyen sa jan yakan kai kashi ɗaya cikin uku. Na Jatau da ƙyar ya wuce rabin haka. Tsinkakke kamar zoɓon da aka yi wa ha'inci. Sammore ne, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa dabba. Kaina ciwo yake.

Alhamis, 23 Mayu

Na je na yi masa allura. Na yi wa Baba bayani: jan nan shi ke kai iska ga jiki, in ya yi kaɗan aka ɗora wa sa garma, zuciyarsa na iya tsayawa a tsakiyar kunya. Bana hutu zai yi. Baba ya ce to gonar fa, ita ma hutun za ta yi? Na ɗaga masa murya. Ban kyauta ba, amma gaskiyata ce.

Lahadi, 2 Yuni

Ruwa ya sauka. Kowa murna, ni ina tunanin Jatau da garma.

Asabar, 8 Yuni

Na tarar an haɗa Jatau da san Malam Yusha'u maƙwabcinmu, tun Laraba suke huɗa. Kunya biyu, ya tsaya yana haki, Baba ma ya tsaya ya dafa ƙugu yana nasa. Inna ta ce dawar rumbu ba za ta kai kaka ba. Da yamma Baba da kansa ya riƙe min wuyan san, ya ce in ɗiba, in faɗa masa gaskiya ko mi na gani.

Litinin, 10 Yuni

Kwalbar na cikin firij, ban juya ba. Baba ya kira, na ce ba wuta.

Akwai wuta.