Abin da Ke Katse Kiranmu

Zuwa ga Abban Batulu, sanyin idona, inuwata da tsakar rana, kai da kake ratsa zuciyata yadda ruwan Bakalori ke ratsa shinkafar Bakura. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Maradun lafiya, aikin madatsar ruwa kuma da sauƙi.

Ni dai Mafara ta yi mini ƙunci. In zauna, in tashi, in share ɗakin da na riga na share, in ɗauki waya in ajiye. Haka nake tun ranar da hotonka ya daskare a kiran bidiyo kana tsakiyar magana, ka aiko da saƙo cewa in na gaji da kiranka in faɗa, ba sai ina katsewa kullum ba. Daga nan ba ka ƙara kira ba. Ni zan gaji da muryarka? Yaushe shuka ta fara ƙosawa da raɓa?

Ka tuna ranar da ka kawo mini maikurowef, na'urar ɗumama abinci, don kada in dawo daga aikin asibiti a gajiye in kama hura wuta? Da hannunka ka ɗora akwatin waifai mai ba mu intanet a kanta, don nan soket yake. To, da zarar ka kira sai in sa tuwona a ciki, in ci kana kallona, kamar kwano ɗaya muke ci.

Jiya Miriam abokiyar aikina ta zo. Tana kallon bidiyo a wayarta na kunna na'urar, hoton ya tsaya cak. Na kashe, ya ci gaba. Muka yi ta gwadawa, tana dariya, ni kuwa hawaye. Ashe in na'urar tana aiki danne siginar gidan take yi! Wayyo, hasken raina! Kyautarka da kwaɗayin cin abinci tare da kai su suka shiga tsakaninmu.

Na sayo doguwar wayar lantarki, na mayar da akwatin falo, can bisa kabad. Ka san hanya ba kullum take biyuwa ba, kiran nan shi ne ƙofar da ta rage mana. 'Yarka Batulu tana lallatsa wayata tana kiran Abba.

Don Allah ka kira bayan la'asar. In fushin bai sauka ba, kira ka yi mini faɗan. Zan saurara har ka gama, babu abin da zai katse ka.

Taka, mai riƙe amanarka muddin ina numfashi,
Taiba